Fiffiken da Gwaggo Ta Manne

Mijin gwaggona mai gyaran rediyo ne. Da ya ajiye aiki, sai ya koma harhaɗa ƙananan jiragen roba masu tashi da rimot. Yakan ce, "Wannan robar, gam mai haɗi biyu take so; sufa gulu yaudara ce."

Wata rana Gwaggo tana goge tebur ta karya fiffiken sabon jirginsa. Don gudun faɗa ta manne shi da sufa gulu, ta ja bakinta.

Da ya tashe shi, fiffiken ya ɓalle a sama, jirgin ya tarwatse.

"Tsufa ne, uwargida," in ji shi. "Hannuna ya gaza."

Ya kulle kayansa a akwati. Shekara biyu ke nan, ni kaɗai Gwaggo ta iya faɗa wa gaskiya.