Teburin da Ya Fi Ƙofa Faɗi

Gwaggona tela ce, kuma tun da nake ban taɓa ganin ta yar da ko maɓalli ba. Ƙyallayen da suka rage a ɗinkin kayan sunana ma suna nan cikin buhu. Shi ya sa da mai gida ya ce zai rushe gidan, ni gabana ya faɗi, don na san ni za a kira haɗa kaya.

Na sha wuya. In na jefar da murfin tukunya marar tukunya, kafin in juya ya koma kwali. Buta kuwa mun ɗaure ta mun kwance har na daina lissafi, ga almakashi kullum yana ƙasan ƙullin da muka gama ɗaurewa.

Ranar tashi aka loda komai a mota, saura teburin yankanta. Marigayi mijinta kafinta ne, a cikin ɗakin ya haɗa mata shi farkon aurensu, bai kuwa yi shawara da ƙofa ba. Masu dako suka karkata shi, suka kifa shi, suka yi gumi sharkaf. Ya ƙi fita.

"Hajiya, ko a yanke ƙafafun, ko a bar shi," in ji direba.

Gwaggo ta hau teburin ta zauna, ta harɗe ƙafa. "To ku yanke nawa tukuna."

Na ji tausayinta ƙwarai, don abin da ya rage mata na hannunsa ke nan. Ta jima tana shafa gefen katakon, can ta yi dariya.

"Mutumin nan fa bai yarda da ƙusa ba. Turakun katako yake sawa. Miƙo min guduma."

Guduma tana can ƙarƙashin katifu, ni da kaina na cusa ta. Gwaggo ta harare ni, ta zaro dutsen guga daga jakarta, ta durƙusa tana ƙwanƙwasa turakun ɗaya bayan ɗaya. Ƙafafun suka zare lafiya lau, ko tsagewa babu. Ita ta shige gaba da ƙafa ɗaya a kafaɗa, maƙwabta suna tafi.

A sabon gida ta haɗa abinta tsaf a cikin ɗaki. Na dubi ƙofar na ce, "Gwaggo, wannan fa ta fi waccan ƙunci."

"Na gani," ta ce, tana shimfiɗa yadi. "Shi ya sa na zaɓi ɗakin."