Glenys Cawthorn da Ƙananan Kayan Aikin da Suka Ja Mata Kora

Kullum da safe, tun sanyin kogin Huon bai saki gari ba, za ka hango hayaƙi yana fita daga garejin Glenys Cawthorn. Ta hura murhu, ta ɗora butar shayi, ta share dogon bencin aiki, sannan ta buɗe akwatinta. A cikinsa akwai zarton da bai fi cokalin shayi tsawo ba, da hammar buga ƙusa wadda kanta bai wuce ƙwayar gyaɗa ba, da kurfin sassaƙa katako siriri kamar tsinken sakace, da wani ɗan abin fere katako na tagulla wanda in ka dunƙule hannu sai ya ɓace. Ta wasa masu baki a dutse, ta gwada kaifinsu a gashin hannunta, ta jera su. Idan hantsi ya ɗaga sai ka ga tsofaffi suna tsallako titi daga gidan kula da tsofaffi da ke daura da gidanta, wani da sanda, wani a keken guragu, wata tana faɗa da mai tura ta kan ya cika sauri. Haka muka saba gani shekara da shekaru, har watan jiya.

Kada wani ya kwatanta muku Glenys da wata salihar tsohuwa mai sanyin murya. Bakinta ya fi kurfinta kaifi. Mahaifinta maƙerin jiragen ruwa na katako ne, shi ya bar mata zarton farko da ya ƙera lokacin yana koyon aiki. Daga nan abin ya shige ta. Duk inda aka ce ana gwanjon kayan mamaci a kwarin nan, tana can tana tona akwatuna. Ta samu wasu a wajen mai gyaran agogo, wasu a wajen mai ƙera goge. Marigayi mijinta ya taɓa ce musu kayan wasan yara, ta ce, "Miƙo yatsanka mu gani ko wasa ne." Bai miƙa ba.

A wancan gidan tsofaffin ta yi aiki, tana wanki tana canza shimfiɗa. Abin da ta riƙa gani a can shi ne ya hana ta sakat. Mazan da suka kayar da itatuwan dajin nan, waɗanda suka ƙera jiragen da har yau suke kan ruwa, matan da suka yi rayuwa suna tsinkar tuffa, duk an jera su gaban talabijin, hannaye a cinya. Ranar da aka so a faranta musu sai a raba musu takarda da fensir mai launi.

Cikinsu akwai Athol Clennett, tsohon maƙerin jirgi, wanda ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Matarsa Merle ba ta fashin zuwa duba shi, har ajali ya ɗauke ta ya bar shi. Aka ƙone gawarta kamar yadda ta yi wasiyya, aka kawo masa tokar a wani mazubin roba, aka ajiye a bakin taga. Athol ya daina cin abinci sai da lallashi. Wata rana Glenys tana canza masa zanin gado, ta ga ya ƙura wa mazubin ido.

Ta ce, "Athol, wannan harara fa? Kamar wanda aka sace wa jirgi."

Da ƙyar maganar ta fito, don harshensa ma ya yi nauyi. Ya ce, "A roba suka sa ta. Irin wadda ake zuba takin fure."

"To yi mata akwati mana."

Ya kama mataccen hannun da mai lafiyar, ya ɗaga shi, ya sake shi ya faɗi a cinyarsa. "Da wannan?"

"Da ɗayan. Ko shi ma ya yi ritaya?"

Washegari ta zo da ɗan abin feren nan na tagulla a aljihun rigar aikinta, da guntun icen nan da ake kira Huon, mai launin ruwan zuma. Ta ɗaure katakon a gefen tebur, ta sa masa abin a hannun hagu. Manyan kayan da ya saba da su sai da hannu biyu da ƙarfin kafaɗa. Wannan kuwa yatsa biyu sun ishe shi. Ya tura, ya zame. Ya sake turawa, ya zame, ya yi wata ashar da ba za a rubuta ba. Can sai ɓawon katako ya naɗo siriri ya faɗo a bargonsa, ƙamshin icen ya cika ɗakin. Glenys ta ce ba ta ga hawaye ba, kuma ba ta tsaya nema ba, don tana da wanki a inji.

Ƙamshin ne ya jawo Wal Duggan daga ɗakin gaba, tsohon mai gonar tuffa da ba ya rabo da tsokana. Ya leƙo ya ce, "Wane marar kunya ne ke aikin katako a gidan nan bai gayyace ni ba?" Kafin a jima, bayan ɗakin wanki ya zama wurin aiki. Kowa ya sani, kowa ya kau da kai.

Sai ranar da kurfi ya kufce wa Wal ya shiga babban yatsansa. Ashe yana shan maganin da ke hana jini daskarewa. Jini ya ƙi tsayawa, ya jiƙa tawul bayan tawul, sai da motar asibiti ta zo. Ɗansa ya iso yana huci, kuma wa zai ga laifinsa? Shugabar gidan ta lokacin, Kerryn Baldock, ta kira Glenys ofis. Ba muguwar mace ba ce, tsoro ne ya kama ta, kuma rayukan mutanen nan a wuyanta suke.

Ta ce, "Glenys, da ya mutu fa? Me zan ce wa iyalinsa?"

"Ban tambayi maganin da yake sha ba. Wannan laifina ne, na ɗauka, ba zan sake ba."

"To ki kwashe kayan nan yau. Kada in ƙara ganin abu mai kaifi a hannun kowa."

"Athol bai gama akwatin matarsa ba."

"'Yarsa ta saya masa wani a shago, mai kyau ma."

Glenys ta ce, "Kerryn, ki yi musu tanadin safar hannu, ki sa nas ta zauna a wurin, ki gindaya mini duk sharaɗin da kika ga dama, zan bi. Amma ba zan je in zare abu daga hannun mutumin nan in miƙa masa fensir ba. In za a yi, ke za ki yi, ina tsaye ina kallo."

Ba ta kai ƙarshen makon a bakin aiki ba. Gwauruwa ce a lokacin, ta doshi sittin, ba ta da wata hanyar abinci. Ta koma rumfar da ake tantance tuffa, tana tsayuwa wuni guda a kan siminti mai sanyi, ranakun hutu kuma tana share gidajen baƙi masu zuwa shan iska. Wasu a gari suka ce ta ja wa kanta. Ta ce ta ji.

Abin da ta yi shi ne ta fitar da tsohuwar motar mijinta daga gareji, ta kafa benci, ta daidaita tsawonsa yadda keken guragu zai shiga ƙarƙashinsa. Doka ba ta hana tsoho mai hankalinsa fita shan iska ba, gidanta kuwa tsallaken titi ne kawai. Ta buɗe ƙofa ta zauna. Babu wanda ya zo sai Raelene, 'yar Athol, ita ma da faɗa ta zo.

Ta ce, "Ki rabu da mahaifina. Kin kusa kashe wani, bai ishe ki ba?"

Glenys ta ce, "Ban kira shi ba. Ƙofa na buɗe. Je ki tambaye shi abin da yake so, in kin taɓa tambaya."

Raelene ta juya a fusace. Ita da bakinta ta ba mu labarin abin da ta gani da ta fito. Ana yayyafi, ga mahaifinta a bakin titi shi kaɗai. Ya ja keken guragunsa da hannu ɗaya da ƙafa ɗaya tun daga ɗakinsa, tayar ta maƙale a gefen kwalbati, yana ta kokawa da ita, mazubin robar nan a cinyarsa ya rufe shi da hularsa kada ruwa ya taɓa shi.

Ta ce, "Baba, ina za ka a ruwan nan?"

Ya ce, "Aiki. Ki tura ni ko ki ba ni hanya."

Ta tura shi. Ba su gama shiga ba sai ga Wal a bayansu, yatsa naɗe da bandeji kamar kan tabarya. Glenys ta tare ƙofa ta ce, "Kai kam ba za ka taɓa mini abu mai baki ba." Ya ce, "Likita wuƙa ya hana ni, bai ce komai a kan hamma ba. Matsa, yarinya, sanyi nake ji."

Duk lokacin sanyin shekarar Athol ya yi yana aikin akwatin. Glenys ta ɗaure masa katako, ta wasa masa kaya, ta dafa masa miyar kabewa, amma ba ta sa hannu a aikin ba ko sau ɗaya. Da ya haɗa shi, kusurwa ɗaya ta karkace. Ya dube ta, ya dubi Glenys, ya ce, "Ɗan daidaita mini wannan."

Ta ce, "Merle ta zauna da kai da karkatarka duk tsawon aurenku. Za ta iya da wannan."

Ya yi dariya har ya ƙware da shayi. Da hannunsa ya juye tokar a ciki. Raelene ta ce masa akwatin ya yi girma, rabinsa ma bai cika ba. Ya ce ai ya auna. Bai ga ƙarshen bazarar da ta biyo ba, kuma da aka kawo tasa tokar, murfin ya rufu daidai a kansu su biyu.

Glenys, ke ce wadda ta ƙi yarda a binne hannun mutum tun yana numfashi. Ke ce kika zaɓi simintin rumfar tuffa a kan ki zare kayan aiki daga hannun maƙeri. Zarto mai ƙaramin jiki, mai cin katako. Ba ki yi kuka a gaban kowa ba, ba ki nemi a ba ki haƙuri ba, kuma har yau babu wanda ya ba ki.

Bayan Athol mutane da yawa sun tsallaka titin nan. Wata tsohuwar malamar makaranta da idonta ya raunana ta ƙera wa jikokinta kujerun 'yar tsana da lalube. Wani da ya manta sunan 'ya'yansa bai manta yadda ake riƙe magagari ba. Kafin ka zauna a bencin Glenys sai ka faɗa mata kowane magani kake sha, ka kuma sa safar hannu ta fata ko ka koma inda ka fito. Duk da haka an ci gaba da yankewa nan da can, kuma har gobe akwai iyalan da ba sa gaishe ta. Wani mai tara kayan tarihi ya taɓa tasowa daga birnin Melbourne yana so ya jera kayanta a cikin gilashi don jama'a su riƙa kallo. Ta ba shi shayi da biskit, ta ce, "Masu zama a jere ana kallonsu sun yi yawa a garin nan. Sauka lafiya."

Watan jiya ta zame a matakalar bayan gida tana ɗauko itace, ƙugunta ya karye. Likitoci suka ce zaman kaɗaici ya ƙare mata. Gidan tsofaffi ɗaya ne kusa da mu, don haka can aka ba ta ɗaki, a gidan da aka kore ta. Kerryn ta daɗe da barin wurin. Raelene ce ta tura ta a keke suka tsallaka titi, akwatin yana kan cinyarta. Sabon shugaban gidan, wani matashi mai fara'a, ya tarbe su a ƙofa.

Ya ce, "Barka da zuwa, Glenys. Me ke cikin akwatin?"

"Zarto, kurfi, hamma. Da magagari."

Fara'ar ta ɗan ragu. "Kin san ƙa'idar gidan nan ba ta yarda da su a ɗaki ba."

"Na san ta tun kana makaranta. Kore ni, an taɓa yi."

Ya ce za su zauna su yi magana ranar Litinin. Litinin ta zo ta wuce, wata ma ta wuce, ba mu ji an zauna ba. Abin da masu kai ziyara suka tabbatar shi ne, idan ka bi ta barandar da ke kallon kogi bayan cin abincin rana, za ka ji ƙwanƙwasa 'yar siririya tana fitowa daga ɗakin ƙarshe, kuma ba hamma ɗaya ba ce.

Mun gode, Glenys. Mun gode a madadin waɗanda suka tafi da ƙurar katako a farcensu, da waɗanda har yanzu suke bin layi a ƙofar ɗakinki. Allah ya ɗora ƙashin, ya bar miki bakin yadda yake.

Ku kuma da kuke da tsoho a irin wannan gida, in kun je ziyara kada ku tsaya a tambayar ya ci abinci ko ya sha magani. Ku kama hannunsa ku tambaye shi me yake so ya yi da shi. In ya faɗa, ku kawo masa, in aka hana ku, ku tsaya ku yi gardama.