Yadda Aka Kashe Mana Mota Daga Legas a Hanyar Biu

Daga Arawa zuwa GRA

Gari bai waye ba na fito daga gidanmu a Arawa. Mama ta rako ni har bakin ƙofa tana ta addu'a da yarenmu na Tangale, don tun da aka fara tayar da bam a tashoshin motar Gombe ta daina yarda da kowace hanya, balle wadda ta nufi Borno. Sunana Rifkatu, ma'aikaciyar jinya ce ni, ina aiki da wata ƙungiya mai kai magani asibitocin da rikici ya yanke. Ranar nan Biu muka nufa. Abin da ya same mu a hanya shi ya sa nake wannan rubutu, don har yau raina bai huce ba.

A ofishinmu na GRA na tarar da direba, Baba Bukar, ya gama duba mai da ruwa. Dattijo ne mai furfura a gemu, mutumin Biu, ya gudo da iyalinsa ya kama haya a Jekadafari. Shi da kansa ya roƙi a riƙa ba shi wannan hanya, ya ce ko ba komai zai ga gida. Muka loda kaya a firjin bayan mota: allurar tsayar da jini ga masu haihuwa, da allurar masu ciwon suga. Dukansu ba sa son zafi, ga shi tsakiyar bazara ake ciki.

Kafin mu tashi, Oga Faruk, mai kula da motocin ofis, ya kira mu ciki ya nuna mana wani ƙaton allo a bango. Wani kamfani na Legas ya sa wa motocinmu na'urar bin sawu, wadda suke kira tiraka. Ya ɗora yatsa kan wani ɗigo kore ya ce, "Sista, kin ga wannan? Ku ne. Duk inda kuka shiga muna ganin ku. Ko firjin ya yi ɗumi, saƙo zai shigo wayata da taki."

Baba Bukar ya ce, "Madalla. Allah ya ƙara basira."

Iya abin da aka gaya mana ke nan. Ni ma na ji daɗi, na fita ina ganin yau akwai mai tsaron bayanmu.

Dadin Kowa

Mun bar Gombe wajen ƙarfe shida. Kafin Dadin Kowa mun wuce shingaye da dama, a kowanne ana sauke fasinjojin motocin haya su taka da ƙafa, hannuwa sama. Mu da yake da tambarin asibiti a jikin motar, sai a leƙa firji, a dubi katinmu, a dubi fuskar Baba Bukar a daɗe ana duba, sannan a ɗaga ƙarfe. Bai taɓa yin ƙorafi ba. Yakan ce musu, "Sannunku da aiki," ya ja mota.

A Dadin Kowa muka karya da kunun gyaɗa da ƙosai a wajen wata mata kusa da gada. Baba ya sayi busasshen kifi ƙunshi guda, ya ce na yayarsa ne da ta ƙi barin Biu. Wayata ta yi ƙara, Oga Faruk ne: "Na ga kun tsaya. Lafiya?" Na ce ƙosai muke ci. Muka yi dariya. Dariyar ƙarshe ke nan a tafiyar.

Shingen da aka mayar da mu

Da hantsi muka shiga ƙasar Borno. Ba mu yi nisa ba muka tarar da dogon layin motoci an tsayar. Wani jami'in tsaro mai tabo a goshi ya zo gefenmu ya ce an ga wani abu binne a bakin kwalta can gaba, ba mai wucewa sai an kwance shi, kuma bai san yaushe ba. Na nuna masa firji, na ce magani ne. Sai ya nuna wata hanyar burji ta hannun dama. "Ku bi nan, za ta fitar da ku gaba da wurin. Motocinmu ma ita suke bi. Kada ku tsaya."

Na kira Oga Faruk don in sanar da shi, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na tura saƙo. Muka sauka daga kwalta.

Kwarin rafi

Mun haura wani tudu, muka gangara wani kwari mai busasshen rafi. Baba ya rage gudu saboda yashi. Nan take motar ta yi tari sau ɗaya ta mutu. Ya murɗa makulli, injin ya juya bai kama ba. Ya sake, ya sake. Ya buɗe gaba ya duba duk abin da ya sani, bai ga komai ba. Mai yana nan, batir lafiya lau. Babu gida, babu mutum, sai duwatsu da ƙaya. Firjin kuwa da injin yake aiki, abin da ya rage masa ɗan ƙarfin batir ne kawai.

A kwarin babu sabis ko kaɗan. Na taka da ƙafa na koma saman tudun, rana tana dukan kaina, kafin sanda ɗaya ta fito a wayata. Wannan karon Oga Faruk ya ɗauka.

"Sista! Kina raye? Sun sake ki?"

"Su wa? Motarmu ce ta mutu a daji."

"Sistem ɗin tirakar nan ya nuna an sace motar. Kun fita daga hanyar da aka shata muku, shi ne ya kashe ta."

Na ce, "Wa ya kashe ta?"

"Ba kowa. Da kansa yake yi. In mota ta kauce sai ya yanke mata mai."

Na tsaya riƙe da waya. Wato akwai abin da zai iya kashe mana mota a tsakiyar dajin Borno, aka sa shi ƙarƙashin kujerar da muke zaune, aka nuna mana ɗigo kore, ba wanda ya ga ya dace a gaya mana. Na ce, "Na kira ka, na tura maka saƙo!" Ya ce yana cikin taro da baƙi, yana nuna musu allon ne ma ɗigon ya koma ja.

"To kunna ta."

"Ba ni da iko, sai Legas."

Ya ba ni lambar Legas. Wata murya mai sanyi ta ce in danna ɗaya, in danna biyu, aka sa mini kiɗa. Ina tsaye a kan dutse a inda ake yanka mutane, ana sa mini kiɗa. Da ƙyar wani saurayi ya ɗauka, ya yi ta ba ni haƙuri da Turanci, ya ce ya tura umarnin buɗewa. Na ce motar ba ta tashi ba. Ya ce ai sai na'urar ta samu sabis kafin umarnin ya shiga. Umarnin kashewa ya same mu a kan tudu, ya jira muka rage gudu a kwari ya yi aikinsa, na buɗewa kuwa ba shi da hanyar sauka kwarin. Ya ce, "Madam, ko za ku iya matsar da motar inda akwai sabis?" Na ce masa da me, da haƙorana? Sannan ya ƙara da abin da ya fi komai muni: na'urar ta riga ta aika rahoton sata ga jami'an tsaron yankin, har da inda muke.

Ina gangarowa na hango ƙurar mota. Kafin in iso, wata a-kori-kura cike da 'yan banga da wasu masu kaki ta tsaya, sun kwantar da Baba Bukar a kan yashi mai zafi. Ba waɗanda suka nuna mana hanya ba ne, wasu ne daban. Abin da aka gaya musu shi ne an sace motar magani, suka zo suka tarar da mutumin Borno mai gemu shi kaɗai a gindinta, hannunsa cikin injin.

Na rugo ina ihu, "Direbanmu ne! Ku bar shi, direbanmu ne!" Ɗaya ya tare ni da gindin bindiga ya ce, "Ke yi shiru, mun san tsoro ne ya sa kike kare shi." Na ciro katina, na ciro nasa daga aljihun mota. Babbansu ya nuna mini waya: "Ga saƙo daga kamfani. Kwamfuta za ta yi ƙarya ne?" A gabana wani ya taka hannun Baba na dama da takalmi, na ji ƙarar ƙashin. Baba bai yi kuka ba. Abin da yake ta faɗi shi ne, "Sista, kada ki buɗe firji, sanyin zai fita." Suka ɗaure shi da rawaninsa suka jefa a bayan mota. Suka ce in hau gaba. Na ce ba zan bar magani ba, kuma ina so su dube ni da kyau, don zan neme su. Suka tafi da shi.

Ƙauyen da na kwana

Wani manomi ne ya same ni wajen la'asar ina zaune a inuwar mota. Ya kai ni ƙauyensu a bayan tudu, matarsa Ya Falmata ta ba ni ruwa da tuwon dawa miyar kuka, ta shimfiɗa mini tabarma a ɗakinta. Ba ta tambaye ni addinina ba, ba ta tambayi garinmu ba. Ta ce kawai, "Ci, 'yata, gobe kina da faɗa a gabanki."

Da safe mijinta ya ɗauro shanun noma biyu, samarin ƙauyen suka kama turi, aka ja motar har saman tudu. Muna isa wani abu ya yi ƙara ƙarƙashin kujera. Ɗaya daga cikin samarin ya murɗa makulli, ta tashi kamar ba abin da ya taɓa samunta. Wayata ta cika da saƙonnin da suka maƙale tun jiya, duk daga firjin, yana sanar da ni cewa ya yi zafi. Na buɗe shi. Ɗumi ya bugi fuskata. Allurar da mata masu naƙuda ke jira a Biu ta kwana ta yini cikin zafi, ba mai lasisin jinya da zai yarda ya yi wa mutum ita. Na rufe, na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba jiya.

Komawa

Saurayin ƙauyen da ya tayar da motar ya tuƙa ni zuwa shingen jiya. Na yi sa'a jami'in mai tabo a goshi yana nan. Na tsaya a gabansa na ce, "Kai ka ce mu bi burji. Dattijon da ka gani jiya yana hannun mutanenku da karyayyen hannu, ana ce masa ɓarawo." Ya dube ni, ya ɗauki oba-oba, rediyonsu na magana, ya koma gefe ya daɗe yana magana da faɗa. Ya dawo ya ce yana raye, za a sake shi, amma sai an gama bincike. Ban bar wurin ba sai da ya faɗa mini sunan garin da aka kai shi.

Ofis suka aiko wani direba ya same ni a Dadin Kowa, inda saurayin ya ƙarasa da ni. Shi ya ja motar har Gombe. Ƙunshin kifin Baba yana nan a gaban mota, ya cika ta da ƙarni.

A GRA na tarar da Oga Faruk a gaban allonsa. Ya tashi ya ce, "Sannu Sista, mun gode Allah. Kamfani sun ce sistem ya yi daidai abin da aka tsara masa, ga mota ta dawo lafiya."

Na ce, "Mota ta dawo. Ina Baba Bukar? Ina magani?"

"Ai ba wanda ya yi nufin haka."

"Shi ne abin da ya fi ba ni haushi. Na nemi wanda zan riƙe, kowa ya ce ba shi ba ne. Kai ka ce Legas, Legas sun ce na'ura, masu bindiga sun ce kwamfuta. Wani mutum ne ya zauna cikin sanyin ofis ya yanke cewa duk motar da ta bar kwalta sata ce. Bai taɓa tsayawa a shinge ba. Wani kuma ya sa hannu aka ɗaura mana, ya ga bai kamata mu sani ba. Kai ka san tana kashe mota?"

Ya sunkuyar da kai. Ya sani.

Na ce ba zan ƙara shiga motar da wani zai iya kashewa daga nesa ba tare da ya ji muryata ba, kuma na faɗa a gaban sauran direbobi don su ma su san abin da suke zaune a kai. Daga baya aka cire ɓangaren kashe mota daga motocin da ke zuwa Borno, aka bar na bin sawu da na firji. Waɗannan ban ƙi su ba, suna da amfaninsu. Amma sai da aka karya hannun mutum kafin a tambaye mu.

Jekadafari

An sako Baba Bukar kafin Juma'ar makon nan. Na je gidansa na same shi a zaure kan tabarma, hannun a ɗaure, fuskarsa a kumbure. Likita ya ce yatsu biyu ba za su ƙara lanƙwasawa ba, tuƙi kuwa sai abin da Allah ya yi. Matarsa ta kawo mini ruwa ta koma ciki. Na durƙusa na gaishe shi, na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannun hagu ya tsayar da ni.

"Sista, bar wannan. Maganin ya isa Biu?"

Ba wanda ya gaya masa. Na so in ce ya isa. Na ce, "Bai isa ba, Baba. Ya lalace."

Ya daɗe yana kallon hannunsa. Sannan ya juya fuska bango ya ce, "To, ki gaida gida."

Daga can na iso Arawa da magariba, Mama ta rungume ni a tsakar gida kamar ranar da na dawo. Na gode wa Allah da ya dawo da ni. Na gode wa Ya Falmata da mijinta da samarin ƙauyensu, da jami'in da ya tsaya kan maganarsa. Godiyata a nan ta tsaya.