Famfon Tajaye ya tsaya, Malam Idi

Ina shagona a Konni ina haɗa wayoyi, Hadiza matar Malam Idi ta kira ni daga Malbaza. "Malam Sule, abokinka ya riga mu gidan gaskiya." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na daɗe ina kallon bencin da yake zama.

Mu biyu kaɗai muke wannan sana'a a yankinmu, rubuta umarni cikin 'yar ƙwaƙwalwar lantarki mai kunna famfon shato, wato tankin ruwan gari, da kashe shi. Mutane kuwa "masu gyaran rediyo" suke kiranmu. Ni haushi nake ji, shi kuwa sai dariya. "Sule, fushi ba ya haɗa waya."

Shi ya koya mini kira iri biyu da ƙwaƙwalwar ke amsawa. Akwai mai sallama sau ɗaya ya wuce, in ba a ji ba shi ke nan. Akwai mai tsayawa: muddin shato na cike, wayar da ke sanar da cikarsa ba ta daina kira. "Wanga na biyu nika so," in ji shi, "amma amsawa kaɗai ba ta isa. Kashe famfo, ka toshe ma ƙwaƙwalwa kunne har ruwa shi sauka, sannan ka buɗe. In ba haka ba, amsawa za ta yi ta yi, ba ta ƙara wani aiki."

Haka yake da mutane. Da mahaifiyata ta kwanta ciwo, bai yi sannu ya wuce ba. Motar siminti yake hawowa ya zo ya zauna a zaure, yau da gobe, har ta miƙe.

Tare muka fara aikin shaton Tajaye, ciwo ya kayar da shi. A garin, famfo ba ya tsayawa, ruwa na malalewa da rana, da yamma rijiya ta ƙafe, mata su koma gida da bokiti wayam. Bayan sadakar bakwai na tafi ni kaɗai. Wallahi ban taɓa haɗa irinsa ba sai yana tsaye a kaina. Na saka ƙwaƙwalwar cikin akwatinta, na haɗa, na kunna. Shato ya cika, famfo ya tsaya cak. Mata suka ɗiba, ruwa ya sauka, famfo ya sake tashi. Na zaro waya don in yi masa albishir. Har na danna sunansa.

Wa zan gaya wa? Duk garin babu wanda ya san abin da ya faru cikin akwatin nan. Kewarka ta ishe ni, Malam Idi.

Allah Ya jiƙanka, Ya sanyaya makwancinka, Ya sa ruwan nan ya zame maka sadaka mai gudana. Allah Ya ba Hadiza haƙuri, Ya raya yaran da ka bari, ni ma Ya ba ni nawa rabon haƙurin.