Yadda Malakai Ya Zama Gawa

Duk wanda ya taɓa shiga motar hayar Malakai Taufa a Neiafu, wani gari a kan tsibiri can tsakiyar teku, ya san bakinsa ba ya hutawa, ya kuma san ba mai kiransa Malakai sai matarsa. Kowa Gawa yake ce masa, har fasto in ya manta. Ƙato ne mai dariya da dukan jikinsa, yana tuƙi da hannu ɗaya yana ba da labari da ɗayan, ga 'ya'ya biyar, ga gonar doya a bayan gari. Sunan kuwa tun yana ajin ƙarshe na sakandare ya manne masa.

A lokacin, Malakai bai iya zama wuri ɗaya ba ko na minti guda. Mawaƙan coci sun kore shi saboda yana sa na kusa da shi dariya, 'yan badujalar makaranta sun kore shi saboda ya cusa ayaba a kakakin wani. Da gasar wasan kwaikwayo ta makarantun tsibirin ta matso, sai ya tasa Malama Kalolaine a gaba da naci, har ta gaji ta ce masa abu ɗaya ya rage, wato ya fito a gawa. Zai kwanta minti goma sha biyu a gaban alƙalai. In ya motsa ko ɗan yatsa, ya ja wa makaranta faɗuwa, kuma ba ita ba shi har abada.

Ya karɓa da hannu biyu. Burinsa ɗaya ne, ya gama wani abu sau ɗaya a rayuwarsa ba tare da an nuna masa ƙofa ba, musamman a idon Gwaggo Fipe, yayar babansa, wadda kullum maganarta ita ce yaron nan ba zai taɓa ƙarasa komai ba. Gwaggo kuwa ai gwaggo ce, tabarma mafi kyau tata ce, kifi mafi girma nata ne, in ta shigo gida babansa ma sai ya rage murya. Malakai bai taɓa ganin haƙoranta ba. Tsoronta yake ji, kuma ya riga ya yanke cewa ba ta ƙaunarsa.

Mako uku yana kwanciya a gindin mangwaro, ƙudaje na yawo a hancinsa, ƙannensa maza na yi masa cakulkuli da gashin kaza, har ya ƙware. Wasan na wani masunci ne da ya mutu 'ya'yansa suka hau rigima a kan kwalekwale. Heilala, 'yar ajinsu, ita aka ba matsayin gwaggon mamacin, don haka ita za ta zauna wajen kansa, tunda a al'adarsu ba mai zama wajen kan gawa sai gwaggo.

Ranar gasa zauren coci ya cika maƙil da rana tsaka, ana ta fifita. Aka ja labule, ga Malakai miƙe a kan tabarmi, an rufa masa zanen ɓawon itace. Bai yi minti biyu da rufe ido ba sai ya ji ƙarar sanda a kan katakon dandamali, ƙwas, ƙwas, tana hawowa. Ya san sandar nan.

"Ke 'yar gidan wa ce? Tashi daga nan," in ji Gwaggo Fipe.

Heilala ta yi ƙasa da murya ta ce, "Gwaggo, wasa ne fa."

"Wasa ko ba wasa ba, ɗan ƙanina ne kwance nan. Kan nan nawa ne."

Wa zai hana ta? Shugaban makaranta ya tsura wa takalminsa ido, Malama Kalolaine ta dafe ƙirji a bayan labule, Heilala ta ja jiki ta koma wajen ƙafafu. Alƙalan kuwa baƙi ne daga Tongatapu, babban tsibirin ƙasar, sai suka ɗauka tsarin wasan ke nan, suka gyara zama.

Gwaggo ta zauna, ta ɗora hannunta mai ƙanshin man kwakwa a gashinsa. To, tunda ta zauna, ai sai ta yi abin da ake yi. Ta ɓarke da kukan mutuwa, tana jero halayen mamaci ɗaya bayan ɗaya: wanda ya ƙarar mata da ƙwan kaji, wanda ya fasa tagar coci ya ce iska ce, mai ayaba a kakaki. Zaure ya kece da dariya, har da masu buga benci. Malakai ya cije harshe, cikinsa na rawa a ƙarƙashin zane, yana roƙon Allah ya rufa masa asiri.

Can sai muryarta ta sauya. Ta tambayi jama'a wa zai riƙa ajiye mata itacen girki a ƙofa duk Asabar ya gudu, yana tsammanin ba ta san shi ba ne. Ta ce tafiyarsa tafiyar marigayi babanta ce, shi ya sa ba ta iya kallonsa da kyau. Sannan ta sunkuyo dab da kunnensa, amma kowa ya ji.

"Ban taɓa faɗa maka ba don kada kanka ya kumbura. Duk cikin 'ya'yan ƙanina kai ne nawa."

Hawaye suka gangaro wa Malakai suka shige kunnuwansa, ƙaiƙayinsu ya fi na ƙudajen mangwaro sau goma. Ransa ba abin da yake so irin ya tashi ya rungume ta, amma ya daure. Minti goma sha biyu suka zama ashirin, ko yatsa bai ɗaga ba.

Alƙalai suka ba makarantarsu na ɗaya, har da yabo na musamman ga ɗalibar da ta fito a tsohuwa. Da aka shaida musu ɗalibar shekararta sittin da takwas, sai suka mayar da su na biyu. Malakai bai damu ba, tunda ya gama. Ya tarar da Gwaggo a waje yana ta washe baki, ita ko ta dube shi sama da ƙasa ta ce ya kwanta a karkace, kuma tafin ƙafarsa duk datti. Ba ta sake tayar da maganar ba, shi ma kullum sai ya ce gobe zai yi mata tasa.

Bayan shekara goma sha ɗaya Gwaggo Fipe ta rasu. Bisa al'adar makoki, Malakai ya ɗaura tsohuwar tabarma mai yage-yage tun daga ƙirji har ƙasa, aka yanke masa gashi, ya koma madafa wajen wuta yana dafa wa masu zaman makoki abinci, domin wurin ɗan ƙani ke nan. Kwana uku ba wanda ya ji Gawa ya yi raha. A rana ta uku matarsa ta kawo masa ruwa, ta tambaye shi me ke cinsa haka.

Ya ce, "Ita ta faɗa mini nata ina ji. Ni na tsaya jira har ta daina ji."

Ya sha ruwan, ya koma juya doya a wuta.