Babban Yatsan Mai Link

A rumfar cajin waya akwai wani siriri, riga a goge, takalmi kuwa ya wangame baki kamar yana neman agaji. Babban yatsansa kaɗai ke da ƙiba. Da shi yake wuni yana dangwala hotuna a waya, yana nuna wa kamfanin da bai taɓa gani ba wanne ne mota, wanne ne kare. Da alama ladan ko data ba ya saye, shi ya sa duk wanda ya gifta sai ya ce, "Yallaɓai, yi rajista ta link ɗina, kana kwance kuɗi na shigowa." Duk mutumin da ya shigar, ana gutsura masa wani abu.

Sai ga wani bakanike, hannu duk baƙin mai. Da mari ya yi sallama. Ya shaƙo wuyan siririn, ya buga kansa da benci har leɓe ya fashe.

"Kai ka sa matata ta sayar da keken ɗinkinta ta sayi waya? Kullum dangwale, ko sisi! Miƙo yatsan!"

Bakaniken ya ɗaga sifanar kwance noti sama. Mutumin naku bai kare fuska ba, bai kare haƙarƙari ba. Ya cusa yatsan a hammata ya dunƙule, ana ta jibgarsa.

Da aka janye bakaniken, ya zaro yatsan, ya lanƙwasa, ya ga yana motsi. Ya tofar da jini, ya dubi wanda ya raba su.

"Na gode, babban yaya. Wayarka tana hawa intanet?"