Barkar da Na Yi wa Hannatu

Da ana mayar da magana baki, da tuni na haɗiye wadda na yi wa Hannatu. Har gobe ranar ba ta bar raina ba.

A lokacin ni ne shugaban masu shara a wani ƙaramin asibitin kuɗi a Sabon Gari. Aikina raba aiki ne kawai: wa zai goge ɗakin haihuwa, wa zai kwashe shara. Amma da yake na daɗe ina shaƙar warin magani, sai na ɗauka ni ma rabin likita ne.

Wata safiya Hannatu, ɗaya daga cikin ma'aikatana da ke zuwa daga Palladan, ta tura hannu cikin kwandon shara, allurar da aka yi wa wani mai cutar ƙanjamau ta soke ta. Ƙa'ida ita ce a jefa allura cikin akwatinta na musamman, amma wani ya ga akwatin ya yi masa nisa. Nan take babbar nas, Sista Ngozi, ta sa aka ɗebi jininta, aka ba ta ƙwayoyin kariya na wata guda. Gwaji ya nuna babu komai.

Bayan 'yan kwanaki ta same ni tana dafa bango.

"Baba, maganin nan jiri yake sa ni, ga amai."

"Ke, ba an gwada ki ba? Me aka gani?"

"Wai babu komai."

"To mai lafiya ke shan magani? Watsar da shi, barka! Gobe Asabar, ke ce a ɗakin haihuwa."

Maganar gaskiya, ba lafiyarta ce a gabana ba. Ba ni da wanda zai riƙe aikin ƙarshen mako. Har lemo na saya mata, don iyayi.

Hannatu kuwa ta bi maganata, ta daina shan maganin. Sai da aka yi makonni Sista ta ji labari. Ta tsare ni a gaban mutanena.

"Baba Idi, a wace jami'a ka yi likitanci? A bayan tsintsiya? Gwajin nan ba ƙwayar cutar yake nema ba, garkuwar da jiki ke haɗawa don ya yaƙe ta yake nema, jiki kuwa sai ya yi makonni kafin ya haɗa. Na ranar farko halin da take ciki kafin allurar kawai ya nuna. Sai an sake bayan wata uku hankali zai kwanta."

Na ce, "Ai gwaji ne ya ce..."

"Gwaji ne ya ce ka ba ta aikin Asabar?"

Likita ya ce lokacin maganin ya wuce, sai jira. Hannatu ta rame kamar wadda ta yi jinya. Mijinta, wani kafinta a Samaru, ya zo bakin ƙofa, bai zage ni ba. Ya dube ni daga hula zuwa silifas, ya ce, "Kai ne likitan?"

Da wata uku suka cika aka sake gwaji, Allah Ya tsare ta. Ba da wayona ba. Ta bar aikin a wannan watan, ba ta yi mini sallama ba.

Abin da na gane, a asibiti wanda bai san komai ba ba shi da haɗari, don shi tambaya yake yi. Haɗarin irinmu ne, masu jin rabin magana ta bayan ƙofa. Ina roƙon ku, ƙannena: in wani da allura ta soka ya nuna muku gwajin ranar farko, kada ku ce masa barka. Ku ce ya shanye maganinsa, ya koma a sake.